Famfon Feshi da Zuriyar Manomi a Ƙasar Matameye

Matameye, hedikwatar gundumar Kance a kudancin jihar Damagaram, tana cikin yankunan Nijar da aikin gona ba ya tsayawa da ɗaukewar damina, domin fadamun da ke bin kwarin Korama suna riƙe da ruwa kusa da doron ƙasa, ta yadda da zarar an kai gero da dawa rumbu sai magidanta su koma garka, su duƙufa kan rake, kabeji, tumatir, tattasai, albasa da rogo. Hanyar da ta bi ta Ɗan Barto ta shiga Daura ta zarce Kano ita ce jijiyar wannan sana'a, kuma motocin da ke gangarawa da amfanin gona su ne kan dawo da taki, iri, famfunan feshi da kwalaben maganin ƙwari da na ciyawa. Tun bayan ɓullar tsutsar tumatir da manoma suka laƙaba wa suna sharon, wadda ta yi mummunar ɓarna a arewacin Nijeriya a 2016, da tsutsar masara da ta shigo Afirka ta Yamma a wannan shekarar, mai lambu ya ƙara riƙe famfo da hannu biyu, saboda yana iya wayar gari ya tarar da wahalar wata uku ta tafi cikin 'yan kwanaki.

Haɗarin waɗannan magunguna da kowa ya sani shi ne na nan take: ciwon kai, jiri, amai, dalalar da miyau, gani dishi-dishi, wani lokaci har da rasa rai. Akwai kuma wata illa da ba ta zuwa da zazzaɓi ko raɗaɗi, ba ta hana mutum fita aiki, sai bayan shekaru ake ganin alamarta a cikin gida, wato raunana ko yankewar haihuwar namiji. Fahimtar yadda hakan ke faruwa tana buƙatar a fara da yadda jikin namiji ke sarrafa irin da ake samun ciki da shi.

Maniyyi ruwa ne da ke ɗauke da miliyoyin ƙwayoyin halitta masu kai da wutsiya, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita, kuma ɗaya daga cikinsu ce ke haɗuwa da ƙwan mace a samu juna biyu. Ana ƙera waɗannan ƙwayoyi ne a cikin siraran bututu da ke nannaɗe a 'ya'yan maraina, aikin kuwa ba ya yankewa tun daga balaga, amma kowace ƙwaya tana ɗaukar kimanin kwana 74 kafin ta kammala, sannan ta ƙara wasu kwanaki tana nuna a hanyar fitowa. Ma'anar wannan ita ce, maniyyin da namiji ya fitar yau shaida ne kan halin da jikinsa ya shiga wata biyu zuwa uku da suka wuce, ko zazzaɓi ne mai zafi, ko guba. Umarnin aikin yana fitowa ne daga wata 'yar halitta a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, wadda ke aika sinadarai masu kai saƙo ta cikin jini, waɗanda ake kira homon, zuwa ga maraina. Su kuma maraina ayyuka biyu suke yi a sassa biyu mabambanta: sashe guda yana ƙera ƙwayoyin haihuwa, ɗayan yana samar da homon na maza, testosteron, wanda shi ne tushen sha'awa, kaurin murya da fitowar gemu. Wannan rabuwar aiki ita ce ƙashin bayan zancen gaba ɗaya, domin guba tana iya kashe sashen farko ta bar na biyu lafiya lau.

A littafin awon maniyyi da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sabunta a 2021, iyakar ƙasa da ake dubawa ita ce ƙwayoyi miliyan 16 a kowace mililita ɗaya, kuma aƙalla kashi 42 cikin ɗari nasu su kasance masu motsi. Hukumar tana kiran abu rashin haihuwa idan ma'aurata suka shafe wata 12 suna saduwa ba tare da tazara ba kuma ciki bai samu ba, ta kuma bayyana a 2023 cewa kusan mutum ɗaya cikin shida na manya a duniya yana fuskantar hakan a wani lokaci na rayuwarsa. Likitocin wannan fanni sun daɗe da tabbatar da cewa a kusan rabin irin waɗannan gidaje, namiji yana da hannu a matsalar, ko shi kaɗai ko tare da matarsa.

Hujja mafi ƙarfi kan cewa sinadarin wurin aiki yana iya yanke zuriyar namiji ta fito ne daga garin Lathrop na jihar Kalifoniya a Amurka, a 1977. A wata masana'antar kamfanin Occidental, ma'aikatan sashen haɗa maganin gona sun lura a hirarsu ta yau da kullum cewa an daɗe ba a yi suna a gidan ɗayansu ba, sai ƙungiyarsu ta ƙwadago ta nemi a auna maniyyinsu. Likita Donald Whorton da abokan aikinsa suka gudanar da binciken, suka wallafa shi a mujallar Lancet a wannan shekarar: cikin maza 25 da aka auna, 14 ko dai ba su da ƙwayar haihuwa ko ɗaya a maniyyinsu, ko kuma adadin ya yi ƙasa ƙwarai. Sinadarin da ya yi wannan ɓarna shi ne DBCP, wanda ake zubawa a ƙasa don kashe ƙananan tsutsotsin da ke cin saiwar shuka, ake kuma sayar da shi da sunayen Nemagon da Fumazone. Abin da ya fi cancanta a tsaya a kai cikin rahoton shi ne cewa testosteron na waɗannan maza yana daidai yadda ya kamata. Suna da ƙarfinsu, suna biya wa iyalinsu buƙata, maniyyi yana fita kamar kullum, sai dai fanko ne.

Labarin bai tsaya nan ba, kuma ragowarsa ta fi kusa da halin da ƙasashen Sahel ke ciki. Tun 1961 aka wallafa gwajin da ya nuna cewa DBCP yana ƙanƙantar da marainan ɓeraye, amma aka ci gaba da sarrafa shi ba tare da an faɗa wa masu taɓa shi ba. Bayan Amurka ta dakatar da kusan duk amfani da shi a 1979, sai aka ci gaba da kai shi gonakin ayaba na ƙasashen da dokarsu ke da rauni, inda dubban leburori a Kosta Rika, Nikaragua, Honduras da Filifin suka shigar da ƙara daga baya kan cewa ya haramta musu haihuwa, har da ma'aikatan gona daga Kodebuwa. Bin diddigin da aka yi na tsawon shekaru ya nuna cewa wasu daga cikin waɗanda adadin ƙwayoyinsu ya ragu kawai sun farfaɗo bayan an raba su da sinadarin, amma da yawa daga cikin waɗanda suka daɗe a cikinsa har iri ya ƙare ƙaf ba su sake samunsa ba. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai: maganin da aka kora daga ƙasar da ta ƙera shi yakan nemi kasuwar da ba a karanta takardar jikin kwalba.

Magungunan da ke kan teburan 'yan kasuwa a kudancin Damagaram a yau wasu ne daban, kuma adalci ya wajabta a ce babu wanda aka tabbatar yana yanke haihuwa kai tsaye kamar yadda DBCP ya yi. Duk da haka, da yawansu 'yan gida ɗaya ne da ake kira oganofosfet, wato magungunan da ke kashe ƙwaro ta hanyar toshe wani sinadari da ke kashe wutar saƙo tsakanin jijiyoyi, har ƙwaron ya yi ta karkarwa ya mutu. Jijiyar ɗan Adam da irin wannan sinadari take aiki, shi ya sa alamun gubar suke kama da juna. Cikin wannan gida akwai dikulobos, wanda shi ne ruwan piya-piya da ake ɗurawa a ƙananan kwalabe marasa takarda, shi ne kuma ke cikin maganin Sniper, sai kulofirifos, furofenofos da daimetowet da ake fesa wa kayan lambu da wake. Bincike kan masu feshi a Meziko da Peru, da ma'aikatan masana'antar maganin ƙwari a Sin, ya nuna raguwar yawan maniyyi ko ingancinsa idan aka gwada su da mazan da ba sa wannan aiki. A 2023 wasu masana a Amurka suka tattara bincike 25 da aka yi cikin kusan shekara 50, suka ga cewa mazan da suka fi cuɗanya da oganofosfet da danginsa na kabamet suna da ƙarancin ƙwayoyin haihuwa fiye da waɗanda cuɗanyarsu ba ta kai haka ba. Hanyoyin da ake ganin gubar na bi su ne rikita saƙon homon tsakanin ƙwaƙwalwa da maraina, da lalata bangon ƙwayar da kundin gādon da ke cikin kanta, abin da kan sa ta kasa iyo, ko kuma cikin ya shiga ya zube. Maganin ciyawa na atarazin, wanda Tarayyar Turai ta janye izininsa a 2004, shi ma yana cikin waɗanda ake zargi da rikita homon.

Girman haɗari bai rataya ga ƙarfin magani kaɗai ba, ya rataya ga yawan abin da ya shiga jiki da tsawon shekarun da aka yi yana shiga, kuma a nan ne yanayin aikin garka ya sha bamban da na gonakin Turai. Mai feshi yakan tsuguna bakin rijiya ya auna maganin da murfin kwalba, sau da yawa ya haɗa iri biyu ko uku don ya fi kaifi, ya motsa da kara, in kara ya yi nisa ya sa hannu. Ya goya famfo mai cin lita 15 ko 16, wanda murfinsa ya saki ko robarsa ta tsage, sai ruwan ya riƙa bin gadon bayansa yana gangarawa zuwa ƙugu, ya jiƙe tazuge da wando, kuma a cikin wannan jiƙaƙƙen wando zai wuni yana ratsa kunyoyin da ya riga ya fesa, sanye da silifa. Idan kan famfon ya toshe, sai ya kwance shi ya sa baki ya busa. Idan fitsari ya kama shi, sai ya koma gefe da hannun da bai wanke ba. Ga kuma goro ko taba da ake kaiwa baki a tsakiyar aiki.

Dalilin da ya sa jiƙewar wando ta fi ƙarfin a kira ta ƙazanta kawai ya bayyana a wani gwaji da Howard Maibach da abokan aikinsa suka wallafa a 1971, inda suka shafa maganin ƙwari na faratiyon a sassa daban-daban na jikin mutane suka auna abin da ya ratsa. Fatar damtse ta tsotse kusan kashi 9 cikin ɗari, ta goshi ta tsotse fiye da kashi ɗaya cikin uku, ita kuwa fatar maraina, saboda rashin kaurinta da yawan jijiyoyin jininta, ta tsotse kusan duka. Zafi da gumi suna ƙara buɗe wannan ƙofa, a ƙasar da zafin bazara ke haura digiri 40. Rawanin da ake naɗewa a fuska yana tare ƙura, amma da zarar ya jiƙe da feshi sai ya koma tsumman da ke manna gubar a hanci da leɓe. Nono ko madarar da wasu ke sha bayan aiki da nufin karya dafi abinci ne mai kyau, sai dai ba ya fitar da abin da ya riga ya shiga jini. Waɗanda abin ya fi shafa kuwa su ne samarin da suka mayar da feshi sana'a, masu yawo da famfonsu daga garka zuwa garka ana biyansu kan kowane goyo, domin mai lambu ɗaya yana feshi ne jefi-jefi, su kuwa kusan kullum, kuma akasarinsu suna kan ganiyar shekarun aure, wasu ma da kuɗin feshin suke tara sadaki.

Lambu ba shi kaɗai ba ne wurin da namiji ke gamuwa da irin wannan guba. Dalma ta fi kowane ƙarfe tsohon tarihi a wannan fanni: a 1975 Ioana Lancranjan ta auna ma'aikata 150 masu aiki da dalma a Romaniya, ta ga raguwar adadin ƙwayoyi, raunin motsinsu da lalacewar siffarsu gwargwadon yawan dalmar da ke jikinsu. Masu fasa tsohon batir suna narka farantansa, masu liƙin lagireto, da masu haƙar zinariya duk suna shaƙar ta, kuma annobar gubar dalma ta Zamfara ta 2010, wadda ta kashe yara fiye da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum, ta nuna cewa ƙurar da ke jikin tufafin uba tana bin sa har ɗaki. Matasan da ke zuwa cin rani mahaƙar zinariya, tun daga Jado inda aka gano zinariya a 2014 har Ɗan Isa a jihar Maraɗi, wasunsu suna ƙona zaiba a fili don fitar da zinariya. Masu fenti suna wanke hannu da tina, kanikawa da fetur, masu walda kuma suna haɗa hayaƙin ƙarfe da zafin wuta, alhali maraina suna rataye a waje ne saboda aikinsu yana buƙatar sanyin da ya gaza na jiki da digiri 2 zuwa 3. Kada kuma a ɗora wa sinadarai komai, domin hangum da ya kama namiji bayan balaga, ciwon sanyi da ba a yi masa magani da kyau ba, tsargiya da ake ɗauka a ruwan tafki, kumburin jijiyoyin maraina da shan taramol duk suna raunana haihuwa, kuma sukan taru a jikin mutum ɗaya.

Nijar tana cikin ƙasashen da suka fi yawan haihuwa a duniya, inda ƙidayar lafiya ta 2012 ta nuna matsakaicin 'ya'ya 7.6 ga kowace mace, kuma wannan adadi yana rufe matsalar ta fuska biyu. Hukuma ba ta ganin rashin haihuwa a matsayin abin gaggawa, gidan da babu kukan jariri kuma ya fi fitowa fili a unguwar da ake suna kowane mako. Kalmar juya mace ake jifa da ita, kuma ita ce ke yawon neman taimako, daga rubutun sha zuwa saiwoyi zuwa layin asibiti, yayin da dangin miji ke ba shi shawarar ya ƙaro wata. Shi kuwa, muddin yana iya kusantar iyali, ba ya kawo wa ransa cewa matsalar tana iya zama daga gare shi, domin a fahimtar jama'a mazakuta da haihuwa abu ɗaya ne, abin da ma'aikatan Lathrop suka ƙaryata da jikinsu. In ma ya yi shakka, sai ya nufi mai maganin basir ko na ƙarfin maza, waɗanda ba sa ƙara ƙwaya ko ɗaya. Sau da yawa gaskiya ba ta fitowa sai an saki matar ta yi wani aure ta haihu, lokacin da shekaru sun riga sun tafi. Haihuwa da rashinta hukuncin Allah ne, kuma malamai kan kafa hujja da ayoyi na 49 da 50 na Suratus Shura, waɗanda ba su keɓe mace da wannan jarrabawa ba, neman sanin sababi kuwa bai saɓa wa tawakkali ba.

Ta fuskar doka, Nijar ba ta rasa tsari ba. Tana cikin ƙungiyar CILSS ta ƙasashen Sahel, wadda kwamitinta na magungunan ƙwari da ke Bamako ke tantance kowane magani ya ba shi lambar izini kafin a sayar, kuma wannan tsari ya haramta endosulfan, farakwat da atarazin. Amma ƙungiyar RECA ta majalisun manoman Nijar ta sha nunawa a binciken kasuwanninta cewa mafi yawan magungunan da ake sayarwa ba su da wannan izini, kuma akasarinsu ta iyakar Nijeriya suke shigowa, da bayanin Ingilishi da manomin Kance ba ya karantawa. Ko a can Nijeriya hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kasuwanni tun 2019. Dokar ƙwadago ta 2012 ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikaci alhakin kare lafiyarsa, asusun CNSS kuma yana biyan diyyar cutar da aiki ya haddasa, sai dai duk wannan ya tsaya ne ga mai albashi da takarda. Yaron da ke goya famfo a fadamar Dungu ba ya cikin rajistar kowa.

Saboda haka kariyar da za ta yi aiki ita ce wadda talaka zai iya ɗauka a aljihunsa da kuma zafin garinsu. Rigar roba mai rufe jiki duka ba ta zaunuwa a jiki a watan Afrilu, amma buhun leda da aka yanka aka shimfiɗa tsakanin baya da famfo yana tare yoyo, haka nan dogon wando da riga mai dogon hannu da aka keɓe wa feshi, safar hannu ta roba musamman lokacin awo da haɗawa, wanda shi ne lokacin da maganin ke da cikakken ƙarfinsa, da takalmin roba. Feshin sassafe ko na yamma, tare da bai wa iska baya, yana rage abin da ke dawowa fuska, wanka da sabulu kuma a bakin garka ya kamata a yi shi, kafin fitsari, kafin cin abinci, a kuma wanke kayan aikin daban da na iyali, kada a miƙa wa mace mai ciki. Zanen launi da ke gindin takardar kwalba yana magana ko da wanda bai yi boko ba: ja shi ne mafi haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. Mafi inganci duka shi ne rage buƙatar maganin, kuma an riga an ga misalinsa a wannan yanki, inda buhun PICS mai hawa uku, wanda Jami'ar Purdue ta yaɗa tun 2007 tare da masu binciken INRAN na Maraɗi, yake adana wake wata da watanni ba tare da ɗigon piya-piya ko ƙwayar maganin ƙwari da ake kira bom ba, kamar yadda sakin ƙwaron da ke kashe tsutsar zangarniyar gero ya rage ɓarnar tsutsar ba tare da feshi ba a ƙauyukan da aka gwada shi.

Ga wanda ya riga ya shafe shekaru a wannan aiki kuma gidansa shiru, awon maniyyi, wanda likitocin Nijar ke rubutawa da sunan spermogramme, yana buƙatar ƙaurace wa iyali na kwana 2 zuwa 7 da safiya ɗaya a ɗakin gwaji na babban asibiti, ba allura, ba tiyata, kuma ya fi yawancin gwaje-gwajen da ake yi wa mata sauƙi da araha. Sakamako ɗaya mara kyau ba hukunci ba ne, ana maimaitawa bayan kimanin wata uku, lokacin da sabon zubin ƙwayoyi ya fito, kuma idan mutum ya ajiye famfo a tsakanin gwajin biyu, bambancin da aka gani yana taimaka wa likita. Ya kamata ma'aikatan lafiya na Matameye da kewaye su riƙa tambayar sana'ar miji duk lokacin da mace ta zo da kukan rashin haihuwa, malaman gona kuma su sa wannan batu cikin abin da suke faɗa wa masu feshi. Magidancin da ya yi shekaru yana goyon famfo, ko narka dalma, ko ƙona zaiba, ba shi da hujjar sakin mace ko kiranta juya alhali shi bai taɓa kai nasa maniyyin an auna ba.